Babban Yatsan Baba Mamman

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Baba Mamman direban jirgin ruwa, amma har yau in na ga kwalbar man kaɗanya sai gabana ya faɗi.

Ƙaramar hukuma ya yi wa aiki, yana kai malaman asibiti daga Wara zuwa ƙauyukan ƙetaren ruwa. Da ya yi ritaya fansho bai riƙe gida ba, sai ya kama ɗinkin tarun masunta. Ana nan hawan jini ya sa shi gaba, magani ya fi ƙarfinmu. Da aka ce tsofaffin ma'aikata su zo a sa su a inshorar lafiya, muka kama hanyar Yelwa da murna.

A wurin rajista ya ɗora babban yatsa a kan na'urar ɗaukar zanen yatsa, shiru. Ya goga a goshi, ya sake ɗorawa, shiru. Ashe igiya da ruwa sun cinye zanen yatsunsa kaf.

"Baba, ku huta da aikin hannu, ku riƙa shafa mai, zanen zai dawo," in ji ma'aikaciyar.

Ya ce, "Ɗiyata, wanga hannu shi ya kai ku rigakafi ƙetare. Yau shi ne ba ku sani ba?"

Duk da haka ya bi maganarta. Mutumin da bai iya zaman banza ba ya ajiye taru, ya koma gindin mangwaro yana shafa man kaɗanya. Abokansa na tsokanarsa, "Amarya, yaushe biki?" Yana dariya, amma na san abin na cin ransa. Da muka koma, aka ce an wuce da na'urar wani gari. Kafin ta dawo ya faɗi a hanyar masallaci, rai ya yi halinsa. Ni na yi masa wanka, ban taɓa jin hannunsa da laushi haka ba.

Yanzu rediyo na ta shela wai rajista ta yi sauƙi. Da yana nan, cewa zai yi mu gani a ƙasa. Ni kam wallahi na gaji da sa rai. Abin da ya bar mana bai wuce sunan kirki a bakin ruwa da rabin kwalbar nan ba.

Mako mai zuwa masu rajista za su zo Wara. Inna, mahaifiyata, bandar kifi take yi, wuta ta gama da yatsunta, ga ciwon suga. Na ɗauko mata kwalbar, na roƙe ta ta huta. Ta juya ta a hannu, ta miƙo mini, ta koma bakin wutarta.

Ta ce, "Ubanka ya tafi da hannun da ba nashi ba. Ni da nawa za ni."