Rabon Mai Tsaron Gida

Ilya mutumin Tawa ne, kuma da gwiwarsa ta hagu ba ta ci amanarsa tun yana saurayi ba, da ƙila ba a unguwar Aubervilliers da ke gefen Paris za a san shi ba. A garinsu ɗan baya ne da 'yan gaba ke gudun karo da shi. Wata rana aka taka shi a fili, gwiwar ta kumbura kamar tulu. Mai ɗori ya yi nasa, likita ya yi nasa, ƙwallo dai ta ƙare. Ya shigo Faransa a farkon shekarun dubu biyu, ya yi ta raɓe-raɓe a ɗakunan 'yan garinsu har Alhaji Moctar ya ɗauke shi aiki. Alhaji ɗan kasuwa ne daga Maraɗi, yana sarin takalma da jakunkuna a manyan shagunan unguwar, ya cika kwantena ya tura Kwatano. Ilya ke buɗe sito, shi ke jera kwalaye, shi ya san abin da ke bakin ƙofa da abin da aka cusa can lungu. Alhaji ne ya tsaya masa har ya sami takardun zama, shi ne kuma ya sa baki aka kawo masa matarsa Hassia. Irin wannan alheri ba a gama biyansa, a ka ake ɗaukarsa har kabari.

Daga Litinin zuwa Asabar Ilya yaron Alhaji ne. Ranar Lahadi kuwa shi ne mai gida. Ya tara samarin Nijar da ke Paris, ɗalibai da masu gadi da masu wanke-wanke a gidajen abinci, ya kafa ƙungiyar ƙwallo aka sa mata Tauraron Adar. Alhaji ya sayi riguna, don haka shi ake kira shugaba, ko da yake bai taɓa tsayawa ya kalli wasa har ƙarshe ba. 'Yan wasa suna ce wa Ilya Tonton, wato Kawu.

Doka ɗaya ya kafa: duk waɗanda suka yi gumi a fili ɗaya, a tire ɗaya za su ci, kuma da hannu. Hassia kan dafa dambu da zogale, ta soya kaji, a shimfiɗa leda a ɗakin canza kaya a zauna. Ilya ke yagar nama yana tura wa kowa gabansa. Wanda cinya ta zo wa ya san ya yi wasa. Wanda aka tura wa wuya ya san da sauran magana. Ilya yakan ce zumunci yake ginawa, kuma gaskiya ne, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba. A duk faɗin Faransa nan ne kaɗai masu digiri ke zuba wa hannunsa ido suna jiran abin da zai ba su.

Bakinsa a bakin fili ba linzami. Mai nawa ɗan daudu ne. Wanda ya kauce wa ƙwallo a ɗaura masa zane. Wanda ya faɗi yana riƙe ƙafa, a kira mijinsa ya zo ya ɗauke shi. Ana dariya, shi ma yana yi, bai taɓa tunanin maganar tana da inda take sauka ba.

Ciwon da ke cin Ilya shi ne Lyon. Kowace bazara Tauraron Adar na karawa da ƙungiyar 'yan Nijar na can, bana a Paris baɗi a unguwar Minguettes ta Lyon, kuma kowace bazara ana lallasa su. Mai horar da Lyon wani Daouda ne, wanda ya san Ilya tun Tawa, ya kuma san gwiwar. In an tashi wasa yakan dafa shi ya tambayi lafiyar ƙafa a gaban mutane.

Sai ga Abdulrazak. Ɗan Damagaram ne, ya yi karatun kimiyyar haɗa magunguna a Lyon, ya sami aiki a Paris, ya kama ɗaki a unguwar Sevran. Dogo, marar hayaniya, mai gaisuwa har ƙasa. Wata Lahadi ya zo ya tambaya ko ana buƙatar mai tsaron gida. Ilya ya sa aka yi ta narka masa ƙwallo, bai bar ko ɗaya ta wuce ba. A ranar cinya ta je gabansa, ta kuma ci gaba da zuwa.

Wani abu ya tsaya wa Ilya a rai tun farko. Yaron ya tsare wa Lyon gida a da, amma Daouda, wanda kan yi rigima kan ɗan wasan da bai kai rabin wannan ba, ko waya bai buga ba. Sannan akwai Karim, wani Balarabe haifaffen Faransa, da ke sauke Abdulrazak a mota nesa da ƙofar fili. Wata safiya Ilya ya fito daga tashar jirgin metro da wuri, ya hango Karim yana gyara wa Abdulrazak wuyan riga kafin ya fita daga motar. Ba wani abu ba ne, gyaran wuyan riga ne kawai. Amma Ilya ya yi aure, ya san hannun da ke gyara riga haka. Ya sunkuyar da kai ya wuce, ya cusa abin da ya gani can lungun zuciyarsa, inda yake cusa kayan da ba a son mai saye ya gani. Ya ce wa kansa rufin asiri ibada ne. Bai ce wa kansa cewa bazara na tafe ba, kuma a karon farko yana da mai tsaron gida na gaske.

Shekarar ta zo daidai da lokacin da titunan Paris suka cika da zanga-zanga kan auren jinsi ɗaya. Maganar ta shiga ko'ina, a ƙofar masallaci, a wajen mai aski, a bakin sito lokacin shayi. Mutanen da ba su taɓa furta kalmar ba suka fara furta ta da safe da yamma. A tire ma aka fara, kowa na faɗin abin da zai yi in ya kama irinsu. Abdulrazak yana cin dambunsa a hankali, idonsa a kan yatsunsa.

Ana sauran 'yan kwanaki a tafi Lyon Alhaji ya kira Ilya ofis. Ya tambayi Hassia, ya tambayi yara, ya tambayi mutanen Tawa da labarin damina, har Ilya ya gane abin da ke tafe ba ƙarami ba ne. Sannan ya ce Daouda ya kira shi, wai akwai dalilin da ya sa suka sallami yaron nan mai tsaron gida, kuma bai kamata sunan Alhaji ya kasance a bayan rigarsa ba.

«Ni ban ce komi ba, Ilya,» in ji Alhaji. «Kai ka san 'yan wasanka. Ko ba ka san su ba?»

Ilya ya ce hassada ce irin ta Daouda, so yake ya karya su kafin wasa. Ya roƙi Alhaji ya bari a dawo daga Lyon tukuna. Alhaji ya ce to, shi ma zai je bana.

Shi kansa Abdulrazak ba ya son tafiyar. Ya tare Ilya bayan atisaye ya ce yana da aiki a ƙarshen mako, ya ce kafaɗarsa na ciwo, daga ƙarshe ya daina neman dalili.

«Tonton, ka bar ni a nan. Ka san mutanen can. Ina jin ka san sauran ma.»

Ilya ya matso kusa da shi. Ya kama hannunsa ya ce shi ɗan Tauraron Adar ne, a tirensu yake ci, kuma muddin shi Ilya na numfashi ba wanda zai wulaƙanta shi a Lyon. Lokacin da yake faɗa ya yarda da maganarsa har cikin ransa.

Filin Minguettes yana tsakanin dogayen benaye, tagogi birjik suna kallonsa ta kowane gefe. Hadari ya haɗu tun safe ya ƙi zuba. Kafin a busa usur wasu samari suka taso daga inda 'yan kallo ke tsayawa, suka jeru a bayan ragar Abdulrazak, kusa har suna iya taɓa zarenta.  Sannan ɗaya ya fara kiran mai tsaron gida da muryar mata. Wani ya tambaya ina zanensa. Wani ya ce in ya faɗi a kira mijinsa. Ilya ya ji maganganun sun zo masa ɗaya bayan ɗaya kamar tsofaffin abokai. Nasa ne, da bakinsa ya raine su. Alƙalin wasa Bafaranshe ne, ba ya jin Hausa, ya ɗauka ƙarfafa gwiwa ake yi.

Abdulrazak bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Ya kama ta sama, ya kama ta ƙasa, ya ture bugun fanareti da yatsu. Tauraron Adar suka jefa ɗaya ana dab da tashi. Da aka busa, 'yan Paris suka rungume juna a tsakiyar fili, amma gudun da aka saba yi zuwa wajen mai tsaron gida ya tsaya a rabin hanya. Ilya ya lura da haka, sai dai a lokacin Daouda yake nema da ido, kuma da ya same shi, daɗin da ya ji ya rufe komai.

Masu masauki suka kai su wani zaure a ƙasan ɗaya daga cikin benayen. An jera tire-tire na shinkafa da naman kaji, Alhaji na zaune a kujera a gefe tare da dattawan Lyon. 'Yan Paris suka wanke hannu suka zagaye nasu. Abdulrazak na shirin durƙusawa Daouda ya tare shi da fara'a, ya ce gwarzon wasa ba ya cin abinci a cunkoso, an ware masa nasa. Ya kai shi wani tebur kusa da ƙofa. Akwai faranti na roba, da cokali na roba, da kofi na roba, irin waɗanda ake zubarwa in an gama.

A wajenmu babban baƙo ake ware wa kwano, don haka ba wanda zai iya cewa an yi laifi. Kuma ba wanda ke zauren da bai gane ba.

 Kajin na gaban Ilya, hannuwa na jiran bisimillarsa. Kalma ɗaya ta isa: zo nan. Ko ya tashi da kansa ya koma teburin. Ya ɗaga ido ya ga Alhaji yana kallonsa, carbi na tafiya a hankali tsakanin yatsunsa. Ya tuna sito, ya tuna takardun da ake sabuntawa, ya tuna Hassia a cikin matan unguwa ranar suna. Sai wata dabara ta zo masa, ya ji sanyi a ransa kamar wanda ya sami hanya tsakanin ramuka biyu. Baƙo ba ya gyara wa mai gida shimfiɗa, amma rabo rabo ne. Ya yagi cinya mafi girma, ya miƙa wa na kusa da shi, ya ce a kai wa mai tsaron gida, ya ci haƙƙinsa.

Cinyar ta bi hannu zuwa hannu har ƙofa. Tana tafiya Ilya ya fara gane abin da ya yi. Da ya yi shiru, da wulaƙancin na Daouda ne. Yanzu shi, mai tire, ya tabbatar a gaban kowa cewa can ne wurin zaman yaron, har ya aika masa abinci can. Dattawan Lyon suka gyaɗa kai. Alhaji ya mayar da carbi aljihu.

«Na gode, Tonton,» in ji Abdulrazak, da murya daidai, ba sama ba ƙasa.

Ya cinye abincin tas da cokalin roba. Ya tashi ya jefa farantin a kwandon shara da kansa, ya yi wa dattawa sallama ɗaya bayan ɗaya, ya fita. A motar komawa kujerarsa ba kowa, aka ce jirgin ƙasa ya bi. Bai sake zuwa atisaye ba, kuma abin da Ilya bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, da Lahadi ta zo bai gan shi ba, sauƙi ya ji.

Sai dai maganar ba ta tafi da yaron ba. Ta zauna a cikin ƙungiyar tana neman wani. Aka fara tuna wa ya fi zama kusa da shi, wa ya taɓa raka shi Sevran, wa ya kai shekara talatin bai yi aure ba. In an jefa ƙwallo a raga sai a tafa hannu daga nesa. Wasu suka daina wanka a fili, wasu suka daina zuwa gaba ɗaya. Lyon ta koma lallasa su. Alhaji bai sake ta da zancen ba, amma lokaci-lokaci, ana tsakiyar lodin kwantena, yakan tsaya ya ce shi har yau yana mamakin yadda mutum mai ido irin Ilya bai lura da komai ba. Ilya yakan ce Allah ne kaɗai masanin gaibu. Alhaji yakan ce haka ne.

Bayan wasu shekaru suka haɗu a tashar Gare du Nord, wajen jiran jirgin ƙasa na RER, da la'asar, cikin cunkoson masu tashi daga aiki. Abdulrazak ya yi ƙiba kaɗan, jakar wasanni a kafaɗa. Shi ya fara ganin Ilya, ya taho ya rusuna ya miƙo hannu biyu. Kafin Ilya ya ba da nasa, sai da ya waiga hagu da dama. Waigen bai daɗe ba, amma mai tsaron gida da ido yake cin abinci. Duk da haka ya yi gaisuwar cikakkiya, ya tambayi Tanti Hassia, ya tambayi yara, ya tambayi gwiwa. Ya ce yana wasa da wata ƙungiya a kudancin birni, inda kowa ya san Karim kuma ba wanda ya damu. Ilya ya ce madalla. Yana so ya ƙara wani abu, amma a ɗaya gefen layin ya hango wani mai hula irin ta mutanen Maraɗi, fuskarsa ta juyo wajensu.

Jirgi ya shigo ya raba su. Ilya ya sami wurin tsayawa kusa da ƙofa, ya riƙe ƙarfe. Bai tabbata ya san mai hular ba. Har ya sauka yana shirya abin da zai ce wa Alhaji gobe in an tambaye shi: cewa yaron ne ya tare shi, cewa gaisuwa ce kawai, cewa da ƙyar ma ya gane shi.