Likitan Shagon Guga

A layinsu kowa Dakta yake ce masa, shi kuwa ko ƙofar makarantar likitanci bai taɓa leƙawa ba. Mai guga ne. Tun yana saurayi kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa, ya ɗauko shi ya damƙa masa dutsen guga, ya koya masa fitar da karin wando da lallaɓa wuyan riga kada ya ƙone. Daga baya shagon ya dawo hannunsa, amma Kawu ya ƙi zaman gida. Kullum yana tsaye a teburin ciki, yana guga yana tsaki saboda ciwon gwiwa.

Sunan Dakta daga aljihunsa ya samo asali. Tausayi gare shi har ya yi yawa, ba ya iya jin an ce "wash" bai laluba aljihu ba. Ga shi da wani hali: da ya sayo maganin ciwon jiki a kemis sai ya ɓalle ƙwayoyin duka daga katinsu ya juye a gwangwanin alewa, wai katin yana huda masa aljihu. Ina ruwansa da sunansu? Da ido ya san su. Fari na ciwon kai, ja na gwiwa, ƙaramin kuma "mai taya ja aiki".

Kawu ya fi kowa cin moriyar gwangwanin. Da safe, tun bai sa komai a cikinsa ba, zai miƙo hannu ko juyowa bai yi ba.

"Dakta, yau ƙafar nan da rigima ta tashi."

"To Kawu, haɗa ukun ka ga aiki."

Sai ya watsa su a baki ya kora da ruwa. Da Kawu ya fara kukan zafin ciki, Dakta ya ce ai gajiya ce, ya ƙara masa ja guda. Wannan ƙarin shi ne har yau yake cin ransa.

Ranar da abin ya faru Kawu na tsakiyar goge wata farar riga, sai ya dafa tebur ya yi amai. Jini ne, baƙi-baƙi. Dakta ya saɓa shi a kafaɗa ya yi titi, ko shagon bai rufe ba.

A asibiti nas ta tambayi abin da tsohon yake sha. Dakta ya zazzage gwangwanin a tafin hannu yana nuna mata fari da ja.

"Malam, sunansu nake tambaya, ba launi ba."

Sai da ya koma kemis ya tambayo: farin farasitamol, jan ibufurofen, ƙaramin asfirin.

Nas ta ce, "Fari da ja ana iya haɗa su, in an ci abinci kuma ba a wuce ƙa'ida ba. Amma ja da ƙaramin nan 'yan gida ɗaya ne, duk biyun cin bangon ciki suke yi. Ga tsufa, ga ciki wayam. Wa yake ba shi?"

Daga kan gado, ana ƙara masa jini, Kawu ya riga Dakta amsawa.

"Ni nake sayen abina. Yaron nan babu ruwansa."

Kawu ya rayu, amma ƙarfin tsayuwar guga ya tafi ke nan. Dakta ya so ya faɗa wa matar Kawu gaskiya, tsohon ya kama hannunsa ya ce in ya kuskura, babu shi babu shi. Dakta ya binne maganar, kuma shirun ya fi masa zagi ciwo.

Duk yamma in ya rufe shago yakan biya ya gaishe su. Duk yamma kuma matar Kawu sai ta rako shi har bakin ƙofa, idonta da ƙwalla.

"Ɗan nan, ba don kai ba da mun rasa shi. Allah ya ba ka mai kula da kai yadda ka kula da kawunka."

Sai ta tsaya tana jiran ya ce amin.