Manhajar da Abokina Ya Bari

Lokacin da nake da shagon buga takardu a Wunti, tsohuwar kwamfutata ba da manhajar da kowa ya sani take aiki ba. Wani abokina ɗan Ƙofar Ran ne ya ɗauko mini irin wadda masu ita suka bari a buɗe, kowa ya ɗiba ya gyara. Ya rage mata nauyi, ya mayar da rubutunta Hausa. In za ka kashe ta, sai ta ce, “A huta gajiya.” Na sha tambayarsa, “Wai su waye waɗannan da za su yi wahala su ce kowa ya kwasa?” Sai ya yi dariya kawai.

Da damina Allah ya yi masa rasuwa. Ba a jima ba bikin ƙanwata ya matso, firinta kuwa ta ce ba ta san zancen ba, ta ƙi buga katin gayyata. Masu gyara duk bakinsu ɗaya: a goge manhajar. Ni kuma ita kaɗai ta rage mini daga hannunsa.

Sai na nemo zauren masu manhajar ta asali a intanet. Na gaishe su, na tambayi iyali da aiki, sannan na faɗi damuwata. Wani ya amsa a gajarce: “Wannan ba tamu ba ce. Koma wa wanda ya yi ta.”

Kai! Raina ya ɓaci. Mu a nan, jika in ya je gidan kaka, ko tsiya za a yi masa sai an ba shi tuwo. Na rubuta, “Wanda ya yi ta yana kabari. In koma ina?”

Wata mata a cikinsu ta yi mini ta'aziyya. Ta ce ba kora ba ce, ba su san abin da ya cire ko ya ƙara ba, kuma ba a ba da magani ba a ga mara lafiya ba. “Sa ta asalin,” in ji ta, “amma kafin ka goge, turo mana Hausar da ya rubuta. Haka muke yi, abin da ɗa ya samo yakan kawo gida.”

Wallahi ban yarda da ita ba. Amma biki ba ya jira. Na tura, na goge, na sa ta asalin. Kati ya fito tas, kwamfuta kuma ta koma Turanci, kamar baƙuwa a shagon.

Bayan watanni sabuwar fitowar manhajarsu ta zo, na ga Hausa cikin harsunan zaɓi. Na ce bari dai in ga me suka yi, na zaɓi Hausar. Dab da magariba na danna kashewa, ina laluben makulli.

“A huta gajiya.”

Na ce, “Kai ma, mutumina.” Har aka tayar da salla ban rufe shagon ba.