Motar da Ba a Tayarwa Haka Kawai

Na je duba tsohuwar mota a wani ƙauye bayan Dudunni, na ƙare da ɗauko gawa a cikinta. Ga yadda aka yi.

Mun tashi da asuba daga Katsina, ni da direban wani Alhaji. Alhajin nan tara tsofaffin motoci yake yi. Ba ya hawansu. Jera su yake a rumfa, a goge, baƙi su zo su kalla. An ba shi labarin wata ƙirar Faransa mai dogon baya, irin wadda aka daina yi tun ina saurayi, wai tana hannun wani tsoho a ƙasar Kusada. Tsohon ya yanka kuɗin da zai sayi motar zamani biyu. Alhaji ya ce in je in duba. In na ce ta ci kuɗinta, zai turo babbar mota a ɗauko ta, ni kuma ya ɗauke ni aikin kula da motocinsa.

Ni bakanike ne. Aiki ya yi mini wuya tun da na rasa yatsu uku a hatsari. Mu bakwai ne a motar ranar, ni kaɗai na fito da rai. Tun daga nan ban sake riƙe sitiyari ba. Ina son aikin Alhaji, ba na ɓoyewa.

A Kankiya muka karya. Koko da ƙosai a bakin tasha. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma. Nan direba ya fara tsiya. Ya ce duk mai ba da kuɗin mota biyu kan gwangwanin da ba sanyi, ba bel ɗin ɗaure jiki, to a duba kansa. Ya ce tasa in ta yi karo balan-balan ke fitowa ya tare ƙirjin mutum. Na ce wadda ta cinye yatsuna ma tana da balan-balan. Ya ƙara ƙosai.

Muka bar kwalta. Ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsawo hagu da dama, hanya ta zama kamar lungu. Mun wuce matan Fulani uku da ƙwaryar nono a ka, daga nan ba mu sake ganin kowa ba. Bayan Dudunni akwai rafi. Ruwan bai kai gwiwa ba, amma motar direba cikinta a ƙasa yake. Tana taɓa ruwa fitilu suka kunna a gabansa, ja da ruwan ɗorawa, tana ƙara kamar an taka ɗan tsako. Ya ja da baya ya kashe ta. Ya ce ba mai taɓa ta sai an kawo kwamfuta daga birni. Muka naɗe wando, muka ƙarasa da ƙafa.

Ƙauyen ƙarami ne. Ana daka, awaki na yawo. Tsohon da muka zo wurinsa kowa Baba yake ce masa. Dogo ne, idonsa ya fara fari. Ya kai mu wani ɗakin ƙasa mai faɗin ƙofa, ya ɗage asabari.

Na ga motoci a rayuwata. Ban taɓa ganin irinta a wannan shekaru da wannan lafiya ba. Fara ce, fentin ya dusashe amma ba tsatsa ko ɗigo. Na ƙwanƙwasa ƙofa, ƙarfe ya amsa. Na ɗaga bonet, komai a fili, ba abin da sifana da waya ba za su gyara ba. Abu ɗaya ya tsaya mini. An cire kujerun baya duka, an shimfiɗa tabarma, tsawon mutum. Cikin yana ƙanshin turare da ganyen magarya. Na zaci hatsi yake ɗauka. Ban tambaya ba.

Na ce, "Baba, kuɗin nan ya yi yawa."

Ya ce, "Mi ka gani wanda bai kai ba?"

Ya ce mu jira shi ya kawo mana fura, baƙo ba ya ciniki da ƙishirwa.

Makullin yana rataye a ƙusa. Ba wanda ke yanke wa mota hukunci bai ji injinta ba, haka aka koya mana. Na zauna, na taka kuloci, na murɗa. Bugu ɗaya ta tashi. Murya mai kauri, ba tari, ba rawa.

Sai daka ya tsaya. Duk turamen garin lokaci guda. Na ji injin kaɗai, da gero yana motsi a bayan katanga. Can wata mace ta yi salati daga nesa. Wata ta karɓa kusa da mu. Na leƙa waje. Maza na fitowa daga gidaje, ba mai magana, wasu da diga, wasu da shebur, duk sun nufi gabas da gari. Direba ya riƙe rigata.

Baba ya shigo ba furar a hannunsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Yaro, mi ka yi?"

Nan ya gaya mini. Shekaru da yawa motar nan aiki ɗaya take yi. Duk ɗan garin da ya cika a asibiti, ita ke ɗauko shi. Baba ake fara bugo wa waya. Shi kuma ba ya shelar mutuwa da baki. Tayar da motar yake yi, gari ya ji, a fara haƙa. Ko zai ɗumama ta, tura ta ake yi can bayan gonaki inda ba a ji. Bai gaya mini ba don bai taɓa haɗuwa da wanda bai sani ba.

Ranar mutum ɗaya ne daga garin yake kwance a asibiti a Kankiya, wani manomi mai ciwon ciki. Matarsa ta dawo da safe ɗaukar abinci. Ita ce ta iso ƙofar ɗakin, mayafi a hannu, ƙafa ba takalmi. Baba ya ce mata kuskure ne, baƙo ne ya murɗa. Ta kalle ni, ta kalli hannuna. Ta ce, "Ba ta taɓa yin ƙarya ba." Aka kira ƙanen mijin da ke jinya, waya a kashe. Aka aika a tsayar da masu haƙa.

Ta ce sai ta gan shi da idonta. Motar direba na can bayan rafi, ta ƙi tashi. Baba ya ce shi idonsa ba ya son ranar tsaka. Ya miƙo mini makullin da na zare. "Kai ka tashe ta, kai za ka ja ta."

Na ja ta. Sitiyarin nauyi kamar turmi, birki sai an taka sau biyu. Zufa ta jiƙa mini baya. Amma rafin nan ta ratsa shi kamar ba ruwa, muka wuce motar zamani tana tsaye inda muka bar ta. Baba da matar suna gaba tare da ni, an matsu, don ba wanda zai zauna a tabarmar. A hanya wani mai garma ya ga motar, ya cire hula. Masu babur suka sauka gefe. Ba wanda ya ɗaga mana hannu.

Mun isa bayan azahar. Wurin da na samu na tsaya daidai tagar ɗakin maza ne. Ban sani ba. Mutumin yana da rai, yana zaune ma, ƙanensa na ba shi shayi. Ya riga ya ga motar ta taga. Muna shiga ya ce, "Baba, kun yi sammako."

Matar ta durƙusa tana dariya tana kuka. "Malam, kuskure ne. Baƙo ne. Ga shi nan."

Ya dube ni ba fushi. Ya ce, "Sannu da hanya, baƙo." Sai ya ce a haɗa masa kayansa, gida zai tafi. Ma'aikaciyar jinya ta yi ta ba shi baki. Likita ya zo ya ce ya fara samun sauƙi, ya ƙara kwana uku. Ƙanensa ya roƙe shi, ni ma na roƙe shi, ni da ban iya roƙo ba. Ya ce, "Ta sha mai ta zo. Ba ta komawa ba kowa." Da ƙafarsa ya fita, da kansa ya buɗe bayan, ya kwanta a tabarmar, ya miƙe ƙafafu. Ta yi masa daidai.

Yana ta hira a hanya. Ya tambayi ko an kori tsuntsaye daga geronsa. Ya ce wa matar ta rage gishiri a miya. Muna gangarawa rafin ya yi shiru. Ƙanen ya taɓa shi, ya yi salati a hankali. Ban waiwaya ba. Na riƙe sitiyari da yatsun da suka rage.

Da muka shiga gari kabarin a shirye yake. An kai saƙon a daina, amma tsofaffin suka ce tunda an fara a ƙarasa. Kafin la'asar sakaliya an rufe shi.

Liman ya ce mini ajali ne, ba mota ke kashewa ba. Baba ma ya faɗa. Matar ta aiko mini da tuwo, ta ce in ci, ba ta riƙe ni da komai ba. Na yarda da su duka. Amma hannuna ne ya murɗa makullin.

Washegari kafin mu kama hanya na tambayi Baba dalilin wannan kuɗi. Ya ce ya faɗa ne don masu zuwa su ji su koma. Na ce Alhaji zai biya. Ya ce 'ya'yansa sun ji labari, sun ce kada ya bar arziki ya wuce, kuma ya riga ya furta, ba zai janye ba. "In an ɗauke ta, a bayan babur za a riƙa kawo mu, a zaune, an ɗaure da rawani. Na gani a wasu garuruwa."

An gyara motar direba da yamma, muka dawo Katsina. Ya kunna sanyi, bai ce komai kan gwangwani ba.

Alhaji ya tambaye ni ko ta ci kuɗinta. Na ce inji lafiya, jiki lafiya, za ta binne mu duka. Na ce kuɗin da ake zubawa kan tsofaffin motoci a birni kuɗin kallo ne, mai shi ya san abin da yake saye. Wannan kuwa tana bakin aiki, ba ta da farashi a rumfarsa, kuma bakina ba zai ce a ɗauko ta ba. Ya ce, "Inji na aike ka dubawa ko wa'azi?" Ya ce in tafi zai neme ni. Bai neme ni ba. Na ji an ce ya sayi wata daga Kaduna, ja, mai buɗaɗɗen sama.

Abin da na koyo kaɗan ne. Ka tambayi aikin da abu yake yi kafin ka tambayi kuɗinsa, kuma kafin ka taɓa shi.

Yanzu ina gindin dalbejiya a bakin kasuwa, ina gyaran babura. Abin da ya samu shi nake ci.