Itacen Jawa a Tsakar Gidan Yayata

Mijin yayata bai taɓa cewa "ban sani ba" a gabana ba. Masinja ne a wani ofishin jiragen ruwa, aikinsa kai takarda da ɗauko shayi, amma in ya dawo unguwarmu ta Kurayyat a Jidda sai ka ga biro uku jere a aljihunsa, ana ce masa muhandis, wato injiniya, yana amsawa ba kunya. Ni a lokacin kafinta ne a wani sito na tashar jiragen ruwa, ina gyaran akwatunan kaya da suka fashe a hanya. Zamanin nan ruwa saye ake yi, garwa garwa, daga masu jakuna.

Abokin aikina wani tsoho ne ɗan tsibirin Jawa, ya zo hajji yana saurayi ya zauna. Ammi muke ce masa, wato baffa da Larabci. Wata rana muna ɓare wani akwati, sai ya tsaya ya shinshina katakon, ya ce na ƙasarsu ne. Ya kwance wani ƙullin tsumma daga lalitarsa, ya zubo mini ƙwallaye biyar a hannu, kowace zaune cikin ɗan ƙoƙonta kamar kai cikin hula. Na gwada da haƙori, na ji kamar na ciji tsakuwa.

Ya ce itacen a kan duwatsu yake fitowa, inda hazon ruwa ke kwana a ƙasa, sama kuma ba ta mako ba ta zubo ba. Ganyensa kauri gare shi kamar fata, da sheƙi, kuma bai san kaka ba, kore ne shekara duka. Da shi suke ginshiƙin ɗaki da ƙotar gatari, su yi gawayi da rassan, majema su ɗebi ɓawon. 'Ya'yan kuwa na kurege ne da aladun daji, sai in yunwa ta yi yawa mutane su fasa su jiƙa har ɗacin ya fita. Waɗannan biyar ɗin mahaifiyarsa ce ta ba shi ranar da ya taso.

Ashe mijin yayata na tsaye a bayanmu da takardu a hannu.

"Ammi, ba ni uku in shuka," in ji shi.

"Ya waladi, ɗana, sun fi shekara talatin a jikina. Sun mutu. Ko da ransu ma, Jidda ba wurinsu ba ne."

"Iri ba ya mutuwa. Na karanta. Ku dai ba ku san dabarar zamani ba."

Ya yi ta naci har tsohon ya ji nauyi ya ba shi.

Yayata tana da lalle guda a tsakar gida, shekara shida tana rainonsa da ruwan wanke shinkafa. Ranar Juma'a mijin nata ya sare shi, wai zai tare wa itacensa iska. Ya sayo takin awaki a kasuwar Bab Makka, ya tona rami, ya binne ƙwallayen, ya kewaye shi da gwangwanayen madara da ya shafa wa farin fenti. Garwa biyu ake kawo musu kullum. Ɗaya ta koma ta ramin, mutum bakwai suka koma raba ɗaya.

Na ce, "Yaya, ba za ki yi magana ba?"

Ta ce, "Na yi. Ya ce idan inuwa ta rufe gidan nan ni zan fara shimfiɗa tabarma."

Bayan kwana goma wani abu ya tsiro. Wayyo, ranar unguwa ta ji jiki. Duk wanda ya gifta sai ya jawo shi ya gani, yana bayani da Larabci don abin ya yi nauyi. Ya ce nan da shekara goma attajiran Jidda za su zo sayen katakon tagogi a ƙofarsa. Matan maƙwabta suka leƙa, suka dubi juna, suka ja mayafi suka rufe baki. Itacen duwatsun nan sai ya ƙi tashi sama, ya kama rarrafe a ƙasa. Muhandis ya kafa sanda ya ɗaure shi da zare, ya ce haka suke yi suna ƙanana.

Da ya yi fure rawaya, ya sa aka dafa shayi ya ce in zo da Ammi ya ga abin da ilimi ke yi. Tsohon ya duƙa, ya juya ganye ɗaya, ya miƙe.

"Hada habhab," ya ce. Kankana ke nan. Cikin takin awakin ta zo.

Wani maƙwabci ya ƙware da shayi. Yayata ta shige ɗaki, muna jin dariyarta ta cikin labule. Muhandis kuwa ko gezau. Ya gyara birorinsa ya ce ai tun farko ya yi zargin tsohon ba iri mai kyau ya ba shi ba.

Ammi ya miƙa hannu. Ya ce kawai, "Halas, shi ke nan. A ba ni abina."

Ni na tona ramin da hannuna. Na sami biyu, sun yi baƙi, ƙoƙonsu ya ruɓe, ba ko alamar tsaga. Ta ukun na tankaɗe ƙasar nan kaf ban gan ta ba. Tsohon ya goge biyun da bakin rigarsa, ya ƙulle, muka fito. Bai ƙara kwance tsumman nan a gabana ba har muka rabu da aiki.

Kankanar ta yi ɗa guda, bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Yayata ta yanka wa 'ya'yanta, cikinsa fari fat. Mijin nata bai ci ba. A lokacin ya riga ya fara auna bayan gida da igiya, wai zai yi kiwon kifi.