Baba Mai Keke da Katangarsa a Allon Ces

Kullum bayan la'asar, in Baba Mai Keke ya goge baƙin mai daga hannunsa, sai ya kife akwatin kayan aiki a rumfarsa ta gyaran keke ya ɗora allon ces, wasan nan mai kama da dara da ake yi da sarki da doki da sojoji. Baƙaƙen 'ya'ya yake ɗauka, ya bar wa abokin wasa farawa. Ya ɗan tura sojan gaban sarki, ya kawo masa mai tsaron baya, ya kafa katangar tsaro, ya naɗe hannu yana jira.

Jiran nan shi ke ƙona ran Mai Kemis, maƙwabcinsa. Shi mutum ne mai son hari, ya sadaukar da doki, ya kutsa, 'yan kallo su yi ta tafi. Amma duk gasar unguwa da aka yi, a katangar Baba yake ƙarewa.

"Wannan ai ɓuya ce, ba wasa ba," in ji Mai Kemis.

"To shigo ka fito da ni mana," Baba kan ce yana dariya.

Abin da ya fi ci wa Mai Kemis rai, Auta, 'yarsa da ya koya wa wasan da hannunsa, ta koma zama a rumfar Baba. A gasar bara suka haɗu, uba da 'ya. Ta ɗauki baƙaƙe, ta kafa katangar nan, ta bar shi ya gaji don kansa, sannan ta kama sarkinsa. Da ta tashi, Baba ta fara dubawa. A ranar, Mai Kemis bai iya cin abinci ba.

Bana idon Baba ya yi rauni, ya ce ya bar gasa. Aka taru a rumfarsa don karrama shi, aka ce maƙwabci ya yi magana. Mai Kemis ya miƙe tsaye.

"Kishinka nake, Baba, har yanzu ban daina ba," ya ce. "Ni na koya mata kai hari. Kai ka koya mata haƙuri, kuma naka ta ɗauka."

Mu ma 'yan unguwa muna cewa: Baba, kai ne gwanin da bai taɓa korar mai koyo ba, ko ana tsakar gyaran taya. Kai ne ka nuna wa matasan layin nan cewa mai kare gidansa ba matsoraci ba ne. Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya.

Duk mai wata fasaha a hannu, ya koyar da ita kamar Baba, ko da ɗan abokin hamayyarsa ne ya zo nema.