Ranar da Malam Sani Ya Buɗe Sarom

Ko da na yi ritaya, ranar da aka kawo mana Rabi daga ƙauyen Kona ba ta fita raina ba. Zamanin mulkin soja ne, ana tsakiyar fari, ina majo a wani asibiti a yankin Tasawa, wato shugaban ma'aikatan jinya.

Rabi tana da ciwon daji a nono. Takan je Yamai a sa mata maganin ciwon ta jijiya, ta dawo tana amai kamar hanjinta zai fito. A amalanke mijinta Malam Sani da uwarta suka kawo ta, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Likita ya rubuta allurar tsai da amai. Ku yara masu koyon jinya ku riƙe wannan: ba a tura ta da garaje. Cikin sarom ake zuba ta, wato ruwan da ake ƙara wa majinyaci, ta riƙa ɗiga a hankali. Haka na yi, na wuce ɗakin maza.

Ban jima ba na ji salati. Na tarar kwalbar sarom ta ƙare tas, wuyan Rabi ya karkace, idanunta sun kafe sama, harshe a waje. Uwarta har ta naɗe tabarma.

"Majo, wanga ba na likita ba ne," in ji ta. "Mutanen ɓoye sunka taɓa ta. Gida za mu, kuma ita da Yamai har abada."

Karkacewar wuyan na san ta, aikin allurar ne, kuma tana da magani. Amma in suka tafi da wannan zato, Rabi ba za ta ƙarasa maganin dajin ba.

Na ce, "Wa ya taɓa robar sarom ɗin nan?"

Malam Sani ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Na ga tana ɗiga ɗai-ɗai kamar rabon hatsin gwamnati, na ce rowa anka yi mata, sai na buɗe."

Raina ya ɓaci matuƙa. Amma me zan ce wa mutumin da ya saba wuni a layi a auna masa dawa da gwangwani? Na haɗiye, na juya wajen tsohuwa.

"Inna, ki ba ni zuwa la'asar. In ba ta dawo daidai ba, ni da kaina zan ɗora maku ita bisa amalanke."

Na ruga wajen likita, ya amince da allurar da ke sakin jijiyoyi. Na yi mata, na zauna bakin gadon riƙe da hannunta. Kafin ladan ya kira salla wuya ya saki, Rabi ta dube ni ta ce tana son kunu. Tsohuwa ta sake shimfiɗa tabarmarta.

Rabi ta koma Yamai, ta ƙarasa maganinta, kuma har gobe ina alfahari da wannan. Malam Sani kuwa ya zama dogarin sarom. Duk zuwansu sai ya zagaya gadaje yana hana mutane taɓa roba, har muna tsokanarsa da ƙaramin majo.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba sa ɓata aiki don mugunta, ƙauna ce da rashin bayani. Tun ranar ban sake rataya kwalba ba sai na zaunar da wanda zai zauna gadin majinyaci, na gaya masa dalilin da ya sa take ɗiga a hankali.